Ilimin Na'urorin Sauti a Taron Jama'a: Abin da Littafi Ke Koya wa Mai Lasifika

Duk na'urar da ke ƙara sauti a taron jama'a, komai girmanta komai ƙanƙantarta, abubuwa huɗu ne aka jona su bi da bi. Makirufo yana karɓar murya ya mayar da ita 'yar wutar lantarki marar ƙarfi. Miksa tana tattara muryoyi ta daidaita su. Amfilifaya tana ƙara wa wutar nan ƙarfi, sannan lasifika ta sake mayar da ita sauti. A ƙananan masallatai miksa da amfilifaya sukan zo a akwati ɗaya, amma aikinsu biyu ne. Waya ce ke haɗa su duka, kuma a waya ne yawancin matsala ke ɓuya.

A yankin noman rani na Kadawa, daga Kura zuwa Garun Malam da Bunkure, da wuya a wayi gari ba a kunna irin wannan na'ura ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka fara shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir, garuruwan suka cika, taruka suka yawaita. Akwai kiran salla da huɗubar Juma'a, da tafsirin watan azumi, da Maulidi, da saukar karatu. Akwai bukukuwan aure da ke ƙaruwa bayan an kwashe amfanin gona, da taron ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da ranar da malaman gona ke tara manoma a bakin gona, da masu talla a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Mafi yawan masu kula da kayan a hannun ubangidansu suka koya, ko a shagunan gyara na Sabon Gari a Kano. Wannan koyo yana da daraja ƙwarai, domin shi ke ba hannu saurin gano inda waya ta tsinke. Inda yake da giɓi shi ne wajen dalili. Yaro ya san lasifika huɗu sun ƙona amfilifaya, amma ba a gaya masa me ya sa ba, don haka gobe zai jona uku ya yi ta addu'a. Littafi ne ke ba da dalilin, kuma wanda ya riƙe dalili yana iya tunkarar na'urar da bai taɓa gani ba.

Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Sound Reinforcement Handbook, wanda Gary Davis da Ralph Jones suka rubuta wa kamfanin Yamaha, ya fara fita a 1987. Ya tsufa, bai san miksar zamani mai aiki da kwamfuta ba, amma babukansa na farko har yau babu abin da ya taɓa su, domin iska da kunne ba su canza ba. Sound System Engineering na Don Davis da Carolyn Davis, na 1975, ya fi zurfi kuma ya fi lissafi. Na wanda ya riga ya yi nisa ne. Mai farawa kuwa bai kamata ya raina littafin fizis na sakandare ba, irin na Abbott ko na Anyakoha da ke jibge a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Babin sauti da babin lantarki da ke cikinsu sun ƙunshi rabin abin da ake bukata. Sai kuma 'yar takardar bayani da ke zuwa cikin kwalin sabuwar amfilifaya, wadda akan jefar tare da leda, alhali ita kaɗai ce aka rubuta musamman don na'urar da ke hannu.

Wurin farawa shi ne sauti kansa. Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Yawan girgizar a sakan ɗaya shi ake aunawa da hatz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga hatz 20 zuwa 20,000. Girgiza kaɗan ita ce murya mai kauri irin ta ganga, girgiza mai yawa ita ce siririyar murya irin ta sarewa. Abin da ya fi shafar mai lasifikar masallaci shi ne cewa kaurin muryar mutum yana ƙasa, amma abin da ke bambanta kalma da kalma, wato baƙaƙe irin su sa da ta da ka da tsa, yana can sama, wajen hatz 2,000 zuwa 4,000. Idan wannan yanki ya ɓace, jama'a za su ji liman yana magana da ƙarfi amma ba za su fahimci abin da yake cewa ba. Sauti mai kauri yana zagaye katanga ya shiga ko'ina, siriri kuwa miƙewa yake yi inda bakin lasifika ya dosa. Shi ya sa maƙwabcin gidan biki ba ya jin waƙa sai dukan ganga, kuma wanda ke bayan lasifika ba ya jin huɗuba sai gunaguni.

Gudun sauti kimanin mita 343 ne a sakan idan zafin iska yana digiri 20, yana kuma haurawa zuwa wajen 355 a zafin bazara na digiri 40. Yanayin iska yana lanƙwasa hanyarsa. Da asuba a lokacin sanyi, iskar da ke kwance kan jiƙaƙƙun gonaki ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa, kiran sallar wani ƙauye ya iso tamkar a ƙofar gida aka yi shi. Da rana tsaka ƙasa ta yi zafi, sautin ya lanƙwasa sama, lasifikar nan ɗaya ta kasa kai rabin wancan nisa. Busasshiyar iskar hunturu kuma ta fi cinye siririn sauti a hanya. Mai kaya da bai san wannan ba yakan ɗauka na'urarsa ce ta lalace.

Babi na gaba, wanda ɗalibai suka fi tsallakewa kuma ya fi kowane tsimin kuɗi, shi ne na desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Ƙa'idoji uku sun isa a haddace. Ta farko, ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ƙarin da kunne ke ji kaɗan. Wanda ya sayar da amfilifaya mai wat 100 ya ciwo bashi ya sayi mai wat 200 abin da ya samu ke nan. Ta biyu, kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ƙara kamar desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Ta uku, a fili, duk lokacin da nisa ya ninka ana asarar desibel 6. Lasifikar da ke ba da desibel 120 a mita ɗaya za ta ba da 114 a mita biyu, 108 a mita huɗu, 102 a mita takwas, 96 a mita 16, 90 a mita 32, 84 a mita 64. Daga wannan lissafi ake gane cewa ba a cika fili da ƙarfin wuta kaɗai. Idan aka ɗaga lasifika sama a kan doguwar sanda aka ɗan sunkuyar da bakinta zuwa sahun baya, nisan da ke tsakaninta da na gaba yana ƙaruwa sosai, na baya kuwa kusan bai canza ba, sai ƙarar ta daidaita. Sandar gora ta mita huɗu takan yi abin da sabuwar amfilifaya ba za ta yi ba.

A nan ne kuma littafi ke koya wa mai saye karanta lambobi. Kowace lasifikar kirki tana da lambar da ke nuna desibel nawa take fitarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai bakin kakaki, irin ta kamfanin Ahuja na Indiya ko TOA na Japan da ake gani a kan hasumiyoyi, takan haura 100 da tazara, akwatin sifika kuwa yakan tsaya ƙasa da haka. Wannan ne sirrin da ya sa ƙaramar amfilifaya mai aiki da batirin mota ke iya kai kiran salla ƙarshen gari. Amma mai bakin kakaki don magana aka yi ta. Idan aka ɗura mata bes, wato sauti mai kauri, koyil ɗin da ke cikinta zai ƙone. Game da wat da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali, dubu biyar ko dubu goma, littattafai sun yi ittifaƙi cewa lambar talla ce. Wadda ake dogara da ita ita ce ta ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba tsayawa, kuma takan zo a ƙananan haruffa a baya.

Daga nan sai daidaita ƙarfi tsakanin matakai, kuma manomin Kadawa ya riga ya san wannan darasi a gonarsa. Ruwan Tiga yana bin babban kanal, ya shiga ƙanana, kowanne da ƙofarsa. Idan ƙofar sama a tsuke take, komai buɗe ta ƙasa ba abin da za a jawo sai laka. Idan kuma an wangale ta sama fiye da kima, ruwa zai karya gaɓa tun a can, kuma rufe ta ƙasa ba zai gyara ɓarnar ba. Haka maɓallin farko na miksa, wanda ke karɓar makirufo. Idan ya yi ƙasa aka cike giɓin da ƙure amfilifaya, sai shuuu ta cika wuri. Idan ya yi sama har jar fitila ta kama, muryar ta riga ta fashe, rage ta a gaba ba zai mayar da ita daidai ba. Ƙa'idar ita ce a sa mai magana ya yi da ƙarfin da zai yi a gaban jama'a, a ɗaga maɓallin farko har jar fitila ta fara ƙiftawa, sannan a ja baya kaɗan. Amfilifayar da aka ƙure har ta shaƙe tana fitar da wuta mai kaifi da zafi, kuma ita ce ta fi kashe ƙananan sifikun da ke ba da siririn sauti. Ƙaramar amfilifaya da ake wahalarwa tana ƙona lasifika kamar yadda babba ke yi.

Babin da ya fi ceton kaya shi ne na om, ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. A bayan kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da take ɗauka, galibi 4. Idan aka haɗa lasifika biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa, wato ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyar takan koma 4, amfilifaya ta ɗauka lafiya. Idan aka ƙara biyu suka zama huɗu, ta koma 2, amfilifaya ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta mutu ana tsakiyar taro. Mafita tana cikin littafi da zane: a jera biyu ɗaya na bin ɗaya su ba da 16, a jera sauran biyun haka, sannan a haɗa jerin biyu kafaɗa da kafaɗa, a dawo 8. Lasifika huɗun nan, amfilifayar nan, bambancin kawai yadda aka ɗaura waya. Mai aunawa da mita ya sani cewa lasifika mai om 8 takan nuna wajen 6 a mita, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce. Ja da baƙi ma ba a musanya su. Akwatuna biyu da aka juya wa ɗaya waya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin sautinsu yana kashe juna. Da ƙaramin batirin tocila ake gwadawa: a taɓa wayoyin, a ga ko fatun sifikun duk waje ɗaya suka motsa.

Doguwar waya ma tana da nata om. Siririyar wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 0.75 da aka ja mita 100, zuwa da dawowa mita 200 ke nan, tana da turjiyar kusan om 4 da rabi. A kan lasifika mai om 8, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin amfilifaya a waya yake ƙarewa. Saboda haka aka ƙirƙiro layin bolt 100, wanda a Amurka bolt 70 ne. Yawancin amfilifayoyin masallaci suna da wannan mafita a baya, kuma da yawa ba a taɓa amfani da ita ba. A wannan tsari kowace lasifika tana da 'yar taransifoma da ake zaɓar mata wat, sai a jera su a layi ɗaya mai tsawo ba tare da lissafin om ba. Abin lura ɗaya ne: jimillar wat ɗinsu kada ta kai ƙarfin amfilifaya, a bar rara. Lasifika goma masu wat 10 sun dace da amfilifaya mai wat 120. Babban masallacin Juma'a da sahunsa ke fita har titi, ko makarantar Islamiyya mai ajujuwa da yawa, wannan ne tsarin da ya kamace su. Kuskuren da ke kashe kaya nan take shi ne jona lasifika marar taransifoma a wannan layi.

Ƙarar nan mai tsini da ke sa jama'a toshe kunne tana faruwa ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ta ƙara fitarwa, abu ya yi ta zagayawa. Maganinta na farko wuri ne. Lasifika ta kasance gaban makirufo, bakinta na kallon jama'a. Mai magana ya matso da makirufo kusa da baki, domin rage nisan zuwa rabi yana ba da desibel 6 kyauta. Kada ya dunƙule hannu a kan kan makirufon: ramukan da ke bayan kan su ne ke sa shi ƙin jin abin da ke bayansa, idan aka toshe su sai ya ji ta ko'ina. A kashe duk makirufon da ba a amfani da shi, domin ninka yawan waɗanda ke buɗe yana cin desibel 3 daga abin da za a iya ƙarawa kafin kukan ya tashi. Sai bayan wannan duka ake zuwa ga maɓallan gyaran murya, kuma a can ragewa ake yi, a nemo yankin da ke kukan a sassauta shi.

Cikin gini matsalar daban ce. Masallaci mai tayil a ƙasa da bango, da rufin kwano ba silin, yana mayar da kowace kalma sau da yawa, ta farko ba ta mutu ba ta biyu ta hau kanta. Ƙara ƙarfi a nan ƙara ruɗani ne. Abin da ke aiki shi ne ƙananan lasifika da yawa kusa da mutane, kowace a hankali, da kafet, da silin, da labule. Jikin mutane da tufafinsu ma suna shanye sauti, don haka gwajin da aka yi ranar Alhamis a masallaci wayam ba zai yi daidai da na Juma'a ba. A fili kuma, idan sauti ya iso wa mutum daga lasifika biyu da bambancin nisansu ya wuce kamar mita 17, zai ji kalma sau biyu. Tara lasifika wuri ɗaya, kowace na kallon nata ɓangare, ya fi warwatsa su a kusurwoyi huɗu suna kallon juna. Inda dole a sa wasu a can baya, na'urorin zamani suna iya jinkirta musu sauti, kusan kashi uku cikin dubu na sakan ga kowace mita. Eko, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa murya da gangan, yana da daɗi a waƙa da bege. A huɗuba da tafsiri da sanarwar rabon ruwa kuwa cutarwa yake yi, domin yana ƙara wa ɗaki abin da ya riga ya yi masa yawa, kuma tsofaffi ne suka fi rasa kalmomin.

Akwai abin da marubutan littattafan na'urorin sauti ba su yi tunaninsa sosai ba, domin a ƙasarsu wuta ba ta rawa. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, mai girgiza 50 a sakan, kuma gurnanin da ake ji a lasifika sau da yawa ita ce ta kutso ta wayar makirufo marar kyau ko wadda aka shimfiɗa jikin wayar wuta. Waya mai ƙafa uku da ke da garkuwa a ciki ita ce ke kore shi. Janareto kuwa a tayar da shi ya daidaita kafin a jona kaya, a cire kaya kafin a kashe shi, kuma kada a bari mai ya ƙare ana cikin aiki, domin tangal-tangal ɗin da yake yi a ƙarshe yana lalata na'ura. A ajiye shi nesa, a bayan gini, saboda ƙararsa da hayaƙinsa. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa. Makirufon da ke ɗan jan leɓe alama ce ta wuta na yawo a jikin kaya, kuma a wuri mai danshi irin bakin gona wannan yana iya kisa. A tsaya a gyara wayar ƙasa kafin a ci gaba. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan shan iska, zafin Afrilu yana ƙarasa sauran, don haka amfilifaya tana bukatar inuwa da sarari da burushi.

Kunne ma yana da nasa babi. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kacal. Idan aka koma lissafin da ya gabata, duk wanda ke cikin mita takwas daga bakin waccan lasifika ya wuce wannan iyaka, kuma a wurin biki yara ne ke zama a nan. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, kuma siririn yankin nan na fahimtar magana shi yake fara tafiya. Najeriya tana da dokar taƙaita ƙara ta 2009 a ƙarƙashin hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, amma kafin doka akwai haƙƙin maƙwabci marar lafiya da jariri mai barci.

Littattafan da Turanci suke, wannan kuwa shinge ne na gaske ga matasa da yawa a Kura da Bunkure. Abin da ke sauƙaƙa shi shi ne rabin ilimin zane ne da lissafi, waɗanda ba su da yare. Ɗalibin kimiyya na sakandare, ko wanda ya yi kwalejin fasaha ko Kano Poly, yana iya zama da masu sana'a uku ko huɗu, shi ya karanta ya fassara, su kuma su kawo kaya a gwada. Ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke Kano wuri ne na neman littattafan lantarki, kamfanoni da yawa kuma suna sa takardun bayanin kayansu kyauta a intanet, ana saukewa a waya da lambar na'ura. Ba a karanta irin wannan littafi daga bango zuwa bango kamar labari. Babi ɗaya ake ɗauka, a karanta, a tashi a gwada a ranar da babu taro: a auna om da mita, a taka nisa da ƙafa ana sauraro, a ɗaga lasifika a sauke, a matsar da makirufo har a gano inda kuka ke farawa. Manhajar auna desibel ta wayar hannu ba ta da cikakken daidaito, amma ta isa nuna bambanci tsakanin sahun gaba da na baya. Abin da aka gano a rubuta shi da Hausa a littafin aiki, kowane masallaci ko fili da shafinsa: lasifika nawa, om nawa, tsawon waya, inda kowane maɓalli ya tsaya, da yanayin ranar. A liƙa kwafin shafin a jikin akwatin amfilifaya, domin ladan ko yaron da zai kunna ta ranar da mai kaya ba ya nan.